Tsawon tiyon regileta da hanyar da zai bi a jikin mai nutso: tambayoyi da amsoshi

Yawancin masu nutso da silindar iska suna amfani da regileta, wato na'urar da ke kawo iska daga silinda zuwa baki, yadda aka ciro ta daga kwali, da tsawon tiyon da kamfani ya ga dama ya sa. Kamfani kuwa bai san faɗin ƙirjinka ba, bai san irin rigar iskar da kake sawa ba, wato rigar da ake hura wa iska don daidaita nauyi a ruwa, bai kuma san wane bakin shaƙa za ka miƙa wa abokin nutsonka ranar da iskarsa ta yanke ba. Waɗannan abubuwa uku su ke yanke tsawon kowane tiyo. A kasuwa da inci ake auna tiyo, don haka mun kawo inci, muka haɗa da santimita inda ya dace.

Tiyo nawa ne a jikin regileta, kuma mene ne aikin kowanne?

Regileta gida biyu ce. Akwai uwa, wadda ake ɗaurawa a kan bawul ɗin silinda. Ita ke karɓar iska mai matsin bar 200 ko fiye (bar ma'aunin matsi ne), ta sassauta ta zuwa wajen bar 9 ko 10 sama da matsin ruwan da ke kewaye. Sai bakin shaƙa, wanda ake sawa a baki, shi ke ƙarasa sassauta iskar daidai da abin da huhu zai ɗauka.

A jikin uwar akwai kafofi iri biyu. Kafofin ƙaramin matsi, galibi huɗu ko biyar, daga nan tiyon babban bakin shaƙa ke fita, da na bakin ko-ta-kwana wanda ake kira oktofus, da na hura rigar iska, da na busasshiyar riga, wadda ruwa ba ya shiga cikinta, ga mai sawa. Sai kafofin babban matsi, ɗaya ko biyu, waɗanda geji ke amfani da su don nuna abin da ya rage a silinda. Tiredin ba ɗaya ba ne: na ƙaramin matsi 3/8 ne na inci, na babban matsi 7/16. Da gangan aka bambanta su, domin tiyon ƙaramin matsi in ya shiga kafar babban matsi fashewa zai yi nan take. Wasu regiletoci suna da kafa ɗaya mai faɗin rabin inci don babban baki, saboda haka ka duba taka kafin ka sayi tiyo.

Wane tsawo ake sayar da regileta da shi?

Babban baki yakan zo da inci 28 zuwa 32, wato santimita 71 zuwa 81. Oktofus inci 36 zuwa 40, sau da yawa da launin rawaya. Tiyon hura riga wajen inci 22 zuwa 26. Na geji inci 32 zuwa 36, saboda an ɗauka za a haɗa shi da ma'aunin zurfi da kamfas a allo ɗaya. An zaɓi waɗannan ne don su yi wa kowa, dogo da gajere, shi ya sa ga mutane da yawa sukan yi yawa: tiyon baki ya yi baka a gefen kai kamar hannun tulu, geji kuma yana jan ƙasa.

Daga ina zan fara in ina son gyara nawa?

Ka fara da tambaya ɗaya: in abokinka ya zo maka babu iska, wanne za ka ba shi, wanda ke bakinka ko na ko-ta-kwana?

In oktofus za ka ba shi, kamar yadda ake koyarwa a yawancin darussan farko, to oktofus shi ne zai fi tsawo. Sai a maƙale shi a ƙirji, cikin kusurwa ukun da ke tsakanin haɓa da ƙasan haƙarƙari hagu da dama, a mariƙin da zai sake shi da fizga ɗaya. Babban bakinka kuma ya zama gajere daidai wuyanka.

In wanda ke bakinka za ka ba shi, lissafin ya juya. Babban baki ya ɗauki dogon tiyo, na ko-ta-kwana ya zama gajere yana rataye ƙarƙashin haɓarka. Masu wannan tsari suna da hujjoji masu ƙarfi. Bakin da kake shaƙa da shi yanzu ka tabbata yana aiki. Kullum a wuri ɗaya yake, ko ruwa ya gurɓace. Kuma mutumin da ya firgita yakan kai hannu ga wanda ya ga kumfa na fita daga gare shi, ko ka shirya ko ba ka shirya ba. Oktofus kuwa yakan suɓuce daga mariƙinsa ya yi ta jan yashi ba tare da mai shi ya sani ba.

Mun fi karkata ga tsari na biyu, amma da sharaɗin an koye shi a hannun malami. Abin da ba shi da kyau ko kaɗan shi ne gauraya: gajeren babban baki da gajeren ko-ta-kwana, ta yadda duk wanda ka miƙa sai fuskokinku sun haɗu.

Yaya zan auna tsawon da ya dace da jikina?

Kada ka auna a tsaye da riga ta gida. Ka ɗaura silinda a rigar iskarka a tsayin da ka saba, ka ɗora uwar regileta, ka sa rigar robar da kake nutso da ita, har da hular roba in kana sawa. Ka samo igiya mai kauri, wadda ba ta lanƙwashewa da sauƙi, domin zare siriri yana bin lungun da tiyo ba zai iya bi ba, sai ya ba ka awo gajere. Wani ya riƙe kan igiyar a bakin kafar da tiyon zai fita, kai kuma ka bi da ita hanyar da kake so har inda za ta ƙare.

Ga tiyon baki, ka waiga hagu iya iyawarka, sannan ka ɗaga haɓa sama kamar yadda kake yi in kana kwance a ruwa kana duban gaba. A nan ne tiyo ya fi miƙewa. In ya ja bakin a wannan hali, ya yi gajere. In ka waiga dama ya tura bakin gefe, ya yi tsawo. Dukansu biyun suna sa mutum ya riƙa cije robar baki, kuma ciwon muƙamuƙin da wasu ke fama da shi bayan nutso sau da yawa daga nan yake, ba daga nauyin bakin shaƙa ba.

Ka tambayi mai sayarwa yadda yake auna nasa, ko daga ƙarshen ƙarfe zuwa ƙarshen ƙarfe ne. Bambancin inci ɗaya ba kome ba ne a tiyo mai ƙafa bakwai, amma a mai inci 22 za ka ji shi a wuyanka.

Daga ina dogon tiyo ya samo asali, kuma ƙafa biyar ko bakwai?

Masu shiga kogo a ƙarƙashin ruwa a jihar Fulorida ta Amurka su suka raya shi. A cikin kogo akwai matsatsin da mutum biyu ba za su wuce kafaɗa da kafaɗa ba, dole ɗaya a gaba ɗaya a baya. In suna shaƙa daga silinda ɗaya, tiyon sai ya kai tsawon mutum kwance. Daga nan ƙafa 7 ta fito, wato santimita 213. Tsarin kayan da ake kira Hogarthian, wanda ya ɗauki sunan William Hogarth Main, da kuma ƙungiyar Global Underwater Explorers da aka kafa a 1998, su suka yaɗa shi har ya kai ga masu nutson buɗaɗɗen ruwa.

In za ka shiga kogo ko cikin jirgin da ya nutse, ƙafa 7 ce, babu ciniki. A buɗaɗɗen ruwa ƙafa 5, santimita 152, ta isa ku yi iyo gefe da gefe ko ku hau sama kowa yana sarrafa rigarsa. Sai dai ƙafa 5 tana da nata sharaɗi: ga mai faɗin ƙirji, ko mai busasshiyar riga da kaya masu kauri a ciki, takan ɗame a ƙirji ta ja baki. Irin wannan mutum ƙafa 6 ko 7 ta fi masa. Mai ƙaramin jiki kuma da ƙafa 7 zai sami ragowar da sai ya nemi inda zai soke ta.

Wace hanya dogon tiyo ke bi?

Yana fita daga kafar da ke duban ƙasa ko dama, ya gangara ta bayan kafaɗar dama, ya bi gefen jiki har ƙugu. A nan sai ya zagaya ƙarƙashin batirin fitila ga mai ɗaure shi a ɗamarar dama. Wanda ba shi da irin wannan fitila sai ya zagaya da shi ƙarƙashin kuben wuƙa, ko ya soke lanƙwasar a cikin ɗamara. Daga ƙugun dama ya haura ya ratsa ƙirji zuwa kafaɗar hagu, ya bi ta bayan wuya, ya shigo baki ta dama. Mai ƙafa 5 ba ya kaiwa ƙugu: ta ƙarƙashin hammatar dama yake bi ya ratsa ƙirji.

Lura da cewa tiyon bai naɗe wuya ba. Ta ƙeya kawai ya bi, gaban wuya a buɗe yake. Wajen miƙawa, ka kama tiyon da hannun dama dab da bakin, ka sunkuyar da kai kaɗan, ka miƙa hannu gaba, sai ya zame ta saman kanka. Ka bar madannin fitar da ruwa a fili don abokinka ya iya dannawa. Hannun hagu kuma ya kai na ko-ta-kwana bakinka. Sai ya fara shaƙa ya nutsu tukuna za ka zare ragowar daga ƙugu.

Ana ɗaura ƙaramar ƙugiya a jikin tiyon kusa da bakin, don a maƙale shi a zoben kafaɗar dama duk lokacin da ba ya baki. Da zaren nailan ake ɗaura ta, ko da zoben roba, abin da wuƙa za ta yanke in ƙugiyar ta cije. Ba a haɗa ƙarfe da ƙarfe.

Me ke ɓacewa da dogon tiyo?

Kusan kullum abu ɗaya ne: wani abu ya hau kansa ya danne shi. Mutum ya zagaya dogon tiyo, sannan ya jona tiyon busasshiyar riga ta samansa. Ko ya rataya abin wuyan ko-ta-kwana bayan ya riga ya zagaya dogon. Ko ya ɗaure ɗamara a kansa, ko wayar fitila ta harɗe shi. A kan jirgin ruwa ba za ka ga alamar kome ba. Sai ranar miƙawa tiyon ya fito ƙafa biyu ya tsaya.

Maganinsa tsari ne da gwaji. Dogon tiyo shi ne na ƙarshe wajen sa kaya, shi ne na farko wajen cirewa. Kafin a nutse kowa ya miƙa nasa gaba, ya zare shi har ƙarshe abokinsa yana kallo, sannan ya mayar. Bai kai rabin minti ba.

Bututun shaƙa na saman ruwa da ake maƙalawa a igiyar tabarau shi ma yana tare hanya, domin tiyon kan kama shi wajen zamewa har ya tuge tabarau. Masu dogon tiyo a aljihu suke sa shi. Akwai kuma rigar iska mai kama da falmaran, wadda aljihunanta da madaurin cikinta ba su bar wurin soke ragowar ƙafa 7 ba. Da irin wannan riga ƙafa 5 ko inci 40 sun fi zama lafiya.

Na ko-ta-kwana fa, in na koma wannan tsari?

Inci 22 zuwa 24, santimita 56 zuwa 61, ta saman kafaɗar dama. Ana rataye shi da igiyar roba mai talewa a wuya, ya zauna dab da haɓa. Igiyar kada ta yi tsawon da bakin zai sauka ƙirji, kada kuma ta shaƙe ka in ka ɗaga kai. Tiyon in ya wuce kima sai ya yi baka a kan kafaɗa yana kama igiya da ragar masunta. Tunda kai za ka shaƙa da shi a lokacin da hankali ya tashi, ingancinsa ya zama daidai da na babban baki, ba mai arahar da aka saya don cika sharaɗi ba.

Na ga wasu da tiyo mai inci 40 ta ƙarƙashin hammata. Wannan fa?

Tsaka-tsaki ne, kuma ya dace da mai nutson yawon buɗe ido a wurare irin Bahar Maliya. Babban baki yana kan tiyo mai inci 40, santimita 102, ya fita ƙasa, ya bi ƙarƙashin hammatar dama, ya hau zuwa baki. Da yake daga ƙasa yake zuwa, sai an sa gwiwar ƙarfe mai kusurwa 90 ko makamancinta tsakanin tiyon da bakin, in ba haka ba zai riƙa murɗa bakin ƙasa. Miƙa shi ba ya bukatar sunkuyar da kai.

Gwiwa ƙarin mahaɗa ce, ƙarin zoben roba, ƙarin wurin yoyo. Kafaffiyar gwiwa ba ta cika ba da matsala ba. Mai juyawa kowane gefe kamar ƙwallo ta fi daɗi a baki, amma tana da sassa da kan kwance, don haka a riƙa duba ta kafin kowane nutso, a kuma kai ta gyara tare da regileta.

Dogon tiyo ba ya rage ƙarfin iska?

Ba yadda za ka ji. Iskar da ke cikinsa tana kan matsin bar 9 zuwa 10, kuma faɗin cikinsa ya wadatar. In shaƙa ta yi nauyi, ka duba ko bawul bai buɗe sosai ba, ko matatar uwar ta toshe, ko tiyon ya karye a wata lanƙwasa, ko cikinsa ya lalace.

Geji: wane tsawo, kuma ina zai zauna?

Geji shi kaɗai, ba tare da allo ba, inci 24 zuwa 26 ya ishe shi. Ya gangara ta bayan kafaɗar hagu, ya bi gefen jiki, a maƙale shi da ƙugiya a zoben ƙugun hagu. Awon daidai shi ne ka ɓalle shi ka kawo shi gaban idonka ba tare da ja ba, in ka mayar kuma kada ya yi baka a gefe. Mai allo da kamfas yana bukatar inci 32 ko fiye don ya miƙa shi gabansa, amma shi ma a maƙale shi. Gejin da ke lilo yana karya murjani, yana shiga tsagar dutse, gilashinsa kuma yana gogewa.

Mai na'urar da ke aika wa kwamfutar hannu labarin iska ba tare da waya ba, gara ya sa mata ɗan tiyon babban matsi mai inci 6. In an ɗaura ta kai tsaye a jikin uwar, tana tsayawa kamar mariƙi, kuma masu ɗaukar kaya a jirgi sukan ɗaga silinda da ita.

Tiyon hura rigar iska fa?

Tsawonsa ya bi tsawon bututun riga mai ƙunduƙunɗu da yake tafiya tare da shi ta kafaɗar hagu. In ya gaza, zai hana ka ɗaga bututun sama don fitar da iska, wannan kuwa haɗari ne wajen hawa. In ya yi yawa sai ya yi baka a bayan kai. A haɗa su biyun da zoben roba ɗaya ko biyu, a bar kan mahaɗar a sake, domin in madannin hurawa ya maƙale riga ta fara cika da kanta, cire wannan tiyon da hannu ɗaya shi ne mafita. Ka gwada cire shi da iska a ciki, da safar hannu in kana sawa.

Kawunan mahaɗa ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ya fi yawa a kasuwa, akwai kuma masu faɗi na rigunan da aka haɗa musu bakin shaƙa a jikin abin hurawa. Mai tafiya da regiletarsa don ya yi hayar riga a can ya tambaya tun daga gida.

Yaya ake raba tiyo a silinda biyu na baya?

Uwa biyu ce, kowace a kan bawul ɗinta. Ta dama tana ɗauke da dogon tiyo da tiyon hura fiffiken baya, wato jakar iskar da ke maye gurbin rigar iska. Ta hagu tana ɗauke da na ko-ta-kwana da geji da tiyon busasshiyar riga. Na ko-ta-kwana yana ratsawa ta bayan wuya daga hagu zuwa dama, na hura fiffike kuma daga dama zuwa hagu. Duka su fita suna duban ƙasa ko ciki, kada wani ya tsaya sama da bawul ko ya tare hannun da zai kai ga marufin.

Akwai dalilin sa dogon tiyo a dama. In mutum yana tafiya gaba marufin bawul ya gogi rufin kogo, na dama buɗewa yake ƙara yi, na hagu kuwa rufewa. In na hagu ya rufe alhali kai ke shaƙa daga gare shi, za ka ji nan take ka kai hannu ka buɗe. Abokin da ke ƙarshen dogon tiyo a cikin matsatsi ba shi da wannan dama. Raba hura fiffike da busasshiyar riga tsakanin uwa biyu kuma yana nufin in an rufe ɓangare ɗaya, akwai sauran abin da zai ɗaga ka.

Masu rataya silinda a gefe fa?

Tsarin da ya fi yawa: dogon tiyo a silindar dama, ragowarsa a soke cikin robobin da ke jikin silindar. Ta hagu da gajeren tiyo mai gwiwa, ya bi bayan wuya zuwa abin wuya. Kowace silinda da gejinta a kan tiyo mai inci 6. A nan awo a jiki ya fi kowane jadawali amfani, domin matsar da silinda inci biyu yana canza kome. Ƙarin silindar da ake ɗauka don zangon hawa, wato tsayawar da ake yi a hanyar fitowa sama, kuma yawanci tiyo mai inci 40 ake sa mata, ya isa ya zagaya bayan wuya.

Na roba ko saƙaƙƙe?

Saƙaƙƙen tiyo, wanda kamfanin Miflex ya yi suna da shi, ya fi sauƙin nauyi da laushi, yana naɗuwa a jakar tafiya, kuma a gajerun wurare kamar na ko-ta-kwana yana rage jan baki. Amma a matsayin dogon tiyo yakan yi ta tasowa sama maimakon ya kwanta a ƙirji, yana zamewa daga ɗamara, saƙarsa tana cin ƙeyar wanda ba shi da hula, kuma yana iya karyewa a lanƙwasa in an ja shi da ƙarfi. Na roba ya fi nauyi, amma yana zama inda aka sa shi, tsagewarsa kuma a fili take. Da yawa sukan haɗa: roba ga dogon, saƙaƙƙe ga gajeru.

Akwai matsalar da ya kamata mazauna ƙasashe masu zafi su sani. Ƙungiyar Divers Alert Network, mai kula da lafiyar masu nutso, ta ba da rahoton wasu saƙaƙƙun tiyo da rufin cikinsu, wanda aka yi da wani nau'in roba mai tushen poliyesta, yake ruɓewa saboda zafi da laima ya zama ɓarɓashi kamar gishiri. Ɓarɓashin yana tafiya ya toshe bakin shaƙa, alhali daga waje tiyon lafiya lau. Waɗanda aka yi cikinsu da nau'in poliyeta ba su nuna wannan ba. Ka sayi na kamfanin da ya faɗi abin da ya yi cikin da shi, kuma lokaci-lokaci ka bi tiyon da yatsu kana matsawa. In ka ji wani wuri yana ƙaras-ƙaras ko ya yi tauri, ka cire shi, a kuma buɗe bakin shaƙar a wanke.

Zan iya canza tiyo da kaina?

Za ka iya, in ka bi a hankali. Ka rufe bawul, ka danna madannin baki har iska ta ƙare, ka sauke uwar daga silinda. Ka kwance tsohon tiyon da sifana daidai girman notin, ba filaya ba. Ka duba zoben robar sabon: a kafar ƙaramin matsi yawanci lamba 011 ne, a ta babban matsi 012, a ɓangaren bakin shaƙa 010. Ka shafa masa giris ɗan kaɗan, iya ya yi sheƙi. Ga iskar da aka ƙara wa oksijin da yawa, giris na musamman ake sawa, ba na silikon ba.

Ka fara ɗaurawa da yatsu. In ya cije tun zagaye na farko, ka dawo da shi, tiredin ya karkace. Bayan ya zauna sai ka ɗan ƙara da sifana kaɗan. Zoben roba ke tare iska, ba ƙarfin hannu ba, kuma ƙarfen farar tagulla ne mai laushi, yana iya tsinkewa a cikin kafar. A ɓangaren bakin shaƙa sifana biyu ake sawa, ɗaya ta riƙe notin jikin bakin, ɗaya ta juya na tiyon. In ka juya da ɗaya kawai, kayan cikin bakin za su murɗe, saitinsa ya ɓaci, ko gidan robar ya tsage. Kafar da ta zama fanko a toshe ta da marufinta da alanki.

Geji yana da ɗan siririn ƙarfe a tsakaninsa da tiyo, mai ƙananan zobba biyu lamba 003. Shi ke barin geji ya juya, kuma shi ne tushen yawancin ƙananan kumfar da ake gani a wuyan geji. Ka sa sabo duk lokacin da ka canza tiyon.

In ka gama, ka buɗe bawul a hankali fuskar geji tana duban ƙasa, ka tsoma kome cikin baho ka nemi kumfa, sannan ka rufe bawul ka ga ko allurar geji za ta sauka cikin 'yan mintoci. Nutson farko da sabon tsari a yi shi a wurin iyo ko ruwa marar zurfi.

Wanne ya fi haɗari in ya fashe a ruwa?

Na ƙaramin matsi, ko da yake sunan yana ruɗarwa. Tiyon babban matsi yana da 'yar huda kamar ta allura a bakinsa na wajen uwa, don geji matsi kawai yake bukata, ba yawan iska ba. In ya fashe za ka ji ƙara ka ga kumfa, amma iskar tana ɗaukar mintoci masu yawa kafin ta ƙare. Na ƙaramin matsi an yi shi ne don ya kwararo iska, yana iya zubar da cikakkiyar silinda mai lita 11 cikin minti biyu ko ƙasa da haka. A silinda ɗaya, ka nufi abokinka nan take ku fara hawa tare.

Yaushe zan yar da tiyo?

In ka ga tsaga a roba lokacin da ka lanƙwasa shi, ko kumburi, ko zaren ciki ya bayyana, ko saƙa ta tsittsinke, ko tsatsa kore a inda ƙarfe ya cije roba, ko layin ƙananan kumfa a jikinsa cikin ruwa. Wurin da ya fi lalacewa shi ne dab da uwa, inda nauyi ke karya shi, kuma nan ne rigar robar da ake sa masa don kariya take rufewa. Ka riƙa janye ta kana dubawa, kana wanke gishirin da ya taru a ƙarƙashinta. Wasu masu ƙerawa suna ba da shawarar canzawa bayan shekara 5 ko nutso 500, ko da ba a ga aibi ba.

Zafi da rana suna rage wannan wa'adi. Kada a bar regileta a but ɗin mota da rana, ko kusa da janareta da jarkar fetur. A wanke ta da ruwan daɗi, marufin ƙura yana rufe, a shanya a inuwa, a ajiye ta a kwance da naɗi mai faɗi, ba a rataye da nauyin baki yana jan wuyan tiyo ba.

Ruwan sanyi yana canza lissafi?

Yana canzawa. Kaya masu kauri suna ƙara faɗin jiki, don haka tiyon da ya yi daidai da siririyar rigar roba zai gaza da inci ɗaya ko biyu. Tiyon busasshiyar riga yana bi ta ƙarƙashin hammata zuwa bawul ɗin ƙirji, ƙarƙashin madaurin kafaɗa da ƙarƙashin dogon tiyo. A ruwan da bai kai digiri 10 ba, mutum biyu suna jan iska daga uwa ɗaya suna iya sa ta daskare ta fara ɓarin iska. Shi ya sa a wurare irin tafkunan Jamus da Siwizalan ake amfani da bawul mai baki biyu da uwa biyu ko a silinda ɗaya, babban baki a kan ɗaya, na ko-ta-kwana a kan ɗayar, kowace da marufin da za a iya rufewa ba tare da an taɓa 'yar'uwarta ba.